Dutsen Tsakiyar Lardi

Mijin yayata, Lucjan Pyzik, shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaga sandar mararrabar jirgin ƙasa yana saukewa. Amma in baƙo ya tambaye shi aikin da ya yi kafin ritaya, sai ya gyara zaman hularsa ya ce shi ne ke kula da zirga-zirgar gabashin ƙasar nan. Ba za a ce ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, tunda mararrabar tana gabas.

Abu ɗaya ne ya tsone masa ido a duniya, wato jan allon nan mai farin rubutu, SOŁTYS, wanda ake kafawa a bangon gidan mai unguwa. Shekara goma sha biyu allon yana gidan Pani Wiesława (a wajenmu Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan), kuma sau uku Lucjan yana tsayawa takara da ita yana shan ƙasa. A zaɓen ƙarshe ƙuri'a huɗu ya samu. Ya ce maguɗi aka yi. Yayata Bogusia ta ce lallai kam an yi, don ita har yau ba ta gano inda ya samo ukun ba.

Saura wata biyu a sake zaɓe ya aika a kira ni. Na same shi a teburin kicin, ga almakashi, ga gam, ga wani yankakken kwali, ga kuma tsinken saƙar Bogusia an soke shi a cikin dankali yana tsaye.

"Irek, zauna. Ka taɓa tambayar kanka ina ne tsakiyar lardin Lublin?"

"Ban taɓa ba."

"Shi ya sa har yanzu kake bin bayan shanu."

Wai a talabijin ya ga wani ƙauye can arewa da suka kafa dutse suka rubuta cewa nan ne tsakiyar lardinsu. Yanzu motoci cike da 'yan makaranta ke zuwa, ana ɗaukar hoto, mai unguwarsu har jarida ta buga shi. Shi ne ya shiga siton makarantarmu da aka rufe, ya ɗauko taswirar lardi, ya manna ta a kwalin firiji, ya bi iyaka da almakashi ya yanke. Duk inda kwalin ya tsaya daram a kan tsinke bai karkata ba, nan ne tsakiya.

Ya ɗora. Kwalin ya yi rawa, ya yi rawa, ya tsaya. Muka leƙa ƙasa. Tsinken yana daidai ƙauyen ƙetaren rafi, waɗanda ba ma ga maciji da su tun wani wasan ƙwallo.

Lucjan ya daɗe yana kallo. "Gam ya yi yawa ta wannan gefen," in ji shi. Ya ɗauki almakashi ya ɗan rage arewa. A gwaji na biyu tsinken ya faɗa daji, sai ya ɗan rage kudu. A na uku ya tsaya a ƙarƙashin Kosmalin, garinmu.

"Ka gani? Kimiyya ba ta ƙarya."

"Yaya Lucjan, ni fa kamar lardin ya ɗan rame."

"Kwali ne ya sha gam ya tsuke. Kai da aji takwas ma da ƙyar ka gama, me ka sani?"

Hudar da tsinken ya yi ta cinye garin duka, har da coci da maƙabarta. Amma Lucjan ya ce tsakiyar hudar ake dubawa, kuma bisa lissafinsa ta faɗo a bayan gidansa, cikin lambun kabejin Bogusia.

Bogusia tana gaban murhu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Kabejina ɗari huɗu ne, na san kowanne. Duk wanda ya taka mini ɗaya, shi zan yayyanka in zuba wa gishiri in danna a ganga, kamar yadda nake adana kabejin."

Lucjan ya sake duba lissafi. Kafin shayina ya huce, tsakiyar lardi ta matsa mita ɗari biyu, ta koma saman gaɓar kwazazzabon da hanyarmu ke bi. Hanya ɗaya gare mu, kuma nan take ratsawa tsakanin bangon ƙasa biyu da suka fi gida tsayi, faɗinta daidai motar madara.

"Saura dutse," in ji shi. "Babba. Wanda za a hango daga nesa."

To, a nan ne nawa laifin ya shigo, ba zan ɓoye ba. Akwai wani ƙaton dutse a tsakiyar gonata. Kakana ya yi ta kewaye shi da doki, babana ya kewaye shi da tarakta, ni kuma bakin garma uku ya karya mini. Da na ji an ce ana neman dutse, nan take na ji kimiyya ta shiga raina.

Ranar Asabar muka fara. Muka haƙe gindinsa, muka ɗaura sarƙa, na ja da taraktata. Sarƙar ta tsinke. Muka ɗaura biyu, taraktar ta ɗaga ƙafafun gaba sama, na ga gajimare sosai. Aka kawo tarakta ta biyu. Da azahar 'yan kwana-kwana na sa-kai suka iso da tsohuwar motarsu, ba don an kira su ba, sai don sun ji labari. Lucjan ya hau kan akwatin tuffa da usur ɗinsa na aikin jirgi da jar tuta. In ya busa sau ɗaya, a ja. In ya busa sau biyu, a tsaya. Matsalar ita ce numfashinsa ba ya isa busa biyu a jere, don haka duk lokacin da yake so mu tsaya sai mu ja, mu sake ja.

A ƙarshe muka mirgina dutsen kan ƙofar ƙarfe ta rumbuna, muka ja shi ta cikin gari. Ƙofar ta bi titin tana kankare kwaltar da Pani Wiesława ta yi shekara huɗu tana bin ofisoshi kafin a zuba mana. A kwanar gidanta kuma gefen ƙarfen ya saƙalo shingenta, ya taho da shi.

Ta fito da kofin kofi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Pan Lucjan, ba shingena ba ne wancan yake tafiya?"

"Ci gaba ne ke tafiya, Pani Wiesława. Shingenki ne ya ga dama ya biyo shi."

"To, in ci gaban ya isa inda za shi, ka ce wa shingen ya dawo gida. Kajina suna fita."

Kwana uku muka yi kafin mu kai shi saman gaɓa. Shugaban 'yan kwana-kwana ya taka ƙasar wurin, ya ga tana lotsawa, ya ce a ja dutsen baya ko da mita biyar ne.

"Tsakiya tsakiya ce," in ji Lucjan. "Ba kujera ba ce da za a riƙa matsar da ita don jin daɗin wani."

Na tuna yadda kabeji ya matsar da ita mita ɗari biyu. Muka tokare dutsen da gungume biyu a daidai bakin gaɓa, na koma gida na tsaya a gonata ina kallon ramin da ya bari. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Sai rubutu. Mutum ɗaya ne a yankinmu ke sassaƙa dutse, Pan Alojzy, kuma shekara arba'in bai taɓa rubuta komai ba sai a kan kabari. Lucjan ya ba shi takarda: a sa cewa nan ne tsakiyar lardin Lublin, kuma Lucjan Pyzik ne ya gano ta. Pan Alojzy ya yi kwana huɗu yana ƙwanƙwasa. Da muka je gani, ga gicciye a sama, ga kurciya da reshe a baki, ga sunan Lucjan da manyan haruffa ruwan zinariya. A ƙarƙashin sunan ga shekarar haihuwarsa, sai ɗan layi, sai fili. Maganar tsakiyar lardi tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, inda aka saba sa addu'a.

"Wannan filin fa na mene ne?" in ji Lucjan.

"Haka ake yi. In lokaci ya yi sai in zo in cika, ba sai iyali sun sha wahala ba."

"Ni fa ban mutu ba!"

"Kowa haka yake cewa da farko."

Washegari aka wayi gari da kyandir uku a cikin kwalabe suna ci a gindin dutsen. Kwana na biyu suka zama tara, har da furanni. Ranar Alhamis wata tsohuwa daga ƙetaren rafi ta zo wa Bogusia ta'aziyya, da baƙin gyale da kek a faranti. Bogusia ta karɓi kek ɗin, ta yi godiya, ta kai kicin ta adana, sannan ta leƙa ta taga ta kira mamacin ya zo su gaisa.

Bayan wannan ne Lucjan ya lulluɓe dutsen da zannuwan gado, ya ɗaure su da igiya, ya ce ba mai sake gani sai ranar buɗewa. Ranar kuwa ya sa ta a Lahadin zaɓe: biki bayan an fito daga coci, zaɓe da ƙarfe huɗu a zauren 'yan kwana-kwana. Ya rubuta takardar gayyata zuwa ƙaramar hukuma. Ƙaramar hukuma ta ce abin ya fi ƙarfinta, ta tura wa gunduma. Gunduma ta tura wa lardi. Lardi kuma ya ce zai turo wata mai safiyo. Lucjan ya bi gida-gida yana cewa gwamna ne da kansa ya so zuwa, amma da ya ji girman abin sai ya ce gara a tura masana.

Daga Alhamis zuwa Asabar aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ƙasarmu kuwa in ta sha ruwa kamar kunu take komawa.

Lahadi gari ya waye tas. Kowa ya hau gaɓa da kayan coci. Ƙungiyar mata ta kawo gurasar albasa da tukwanen abinci, 'yan badujala suka jeru, Fada ya zo da ruwan tsarki. Mai safiyon ta iso a wata ƙaramar mota, wata yarinya mai ladabi, Pani Kinga. Lucjan ya sa kwat ɗin aurensa, wanda maɓalli ɗaya kaɗai ke iya rufuwa, ya yi jawabin minti arba'in. Ya ce za a gina otel. Ya ce nan gaba daga Kosmalin za a riƙa auna nisan kowane gari a lardin. Ya ce gari irin wannan yana bukatar mai unguwa mai hangen nesa, amma shi ba zai ambaci suna ba.

Da aka gama tafi, Pani Kinga ta matso.

"Pan Lucjan, don Allah ta yaya aka yi awon? A ofis sun ce in rubuta."

Abin da yake jira ke nan. Ya zaro kwalin daga cikin jaka, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta duba. Ta juya shi. Ta sake dubawa.

"Ina Chełm?"

"Wace Chełm?"

"Garinmu. Mahaifiyata tana can."

"To tana nan inda kika bar ta."

"A kwalin nake nufi."

Fada ya gyara tabarau ya leƙo ta kafaɗarta. "Af, Zamość ma babu. Ni fa can aka haife ni."

"Fada, a duba mini Biała Podlaska!" in ji wata mata daga baya. "'Yata tana aure a can!"

Kafin ka ce me, kwalin ya shiga hannun jama'a. Kowa na neman danginsa. Wannan bai ga ƙanwarsa ba, wancan bai ga inda ya yi aikin soja ba. Mai buga babbar ganga ya ce shi surukarsa ce babu, kuma bai ga laifin taswirar ba.

Pani Kinga ta sassauta murya, amma shirun da aka yi ya sa kowa ya ji.

"Pan Lucjan, wannan taswirar tsohon lardi ce, ta lokacin da ƙasar nan ke da larduna arba'in da tara. Tun 1999 aka mayar da su goma sha shida. Lardinmu na yanzu ya fi wannan ninki uku. Tsakiyarsa tana can gabas da birnin Lublin."

Lucjan ya ja kwat ɗinsa ƙasa.

"Ni ba wanda ya tuntuɓe ni."

"An fi shekara ashirin fa."

"Ina bakin aiki, 'yata. Jirage nake wucewa da su. Ba ni da lokacin bin kowane ɗan ƙaramin sauyi."

"Ashe tsofaffin nan da suka kunna kyandir ba su yi kuskure ba," in ji Pani Wiesława. "Akwai mamaci, tsohon lardi. Suna ne kawai aka rubuta ba daidai ba."

Aka kwashe da dariya, har Fada sai da ya juya baya. Fuskar Lucjan ta yi ja. Ya ɗaga hannu ya yi wa 'yan badujala alama.

"Ku busa! Tsohon lardi ko sabo, tsakiya tana nan. A buɗe dutse!"

Suka fara busa. Ya kama igiyar ya ja. Zanen bai motsa ba, don shi da kansa ya ƙulla igiyar, da wani ƙulli da ya ce sai 'yan jirgin ƙasa suka iya shi, kuma a jikin ɗaya daga cikin gungumen ya zagaya ta. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kafa dugadugai, ya ja da duk ƙarfinsa. Gungumen ya zame daga cikin laka sumul, Lucjan ya zauna a ƙasa.

Dutsen ya yi jim kamar mai shawara. Sannan ya sunkuya. Bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Ya tafi a hankali da zannuwansa da kyandirorinsa da rabin gaɓar, ya sauka cikin kwazazzabo, ya zauna a tsakiyar hanya daga wannan bango zuwa wancan. Mai babbar ganga ya ba wa abin baya, don haka ya ci gaba da bugu shi kaɗai. Fada ya matsa bakin gaɓa, ya leƙa, ya yayyafa ruwan tsarkin ƙasa, tunda dai an riga an kawo shi.

Ba wanda ya ji ciwo. Aka tsaya ana kallo. Daga nan mutane suka fara tuna abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Motar madara gobe da safe. Motar 'yan makaranta. Fada yana da baftisma a wani ƙauye ƙarfe uku. 'Yan badujala suna da bikin aure. Duk motocin suna ta cikin gari, dutsen yana tsakaninsu da duniya.

Wata hanyar fita ɗaya ce tak, ita ce ta gona da ke bi ta bayan gidan Lucjan, kuma sai an ratsa lambun kabeji.

Motar Fada ce ta fara bi, yana ta ba da haƙuri ta taga. Sai ta 'yan badujala, wadda ta kafe a tsakiya sai da aka tura. Sai baƙin ƙetaren rafi, waɗanda na rantse da gangan suka riƙa yin kwana. Bogusia ta tsaya a bakin lambun ta harɗe hannuwa, ba ta ce uffan ba. Ni na san yayata tun muna yara. In tana faɗa, lafiya lau. In ta yi shiru, mutum ya nemi inda zai sa kansa.

Kafin Pani Kinga ta shiga motarta, Pani Wiesława ta tare ta.

"'Yata, wa zai cire wannan abin?"

Yarinyar ta yi bayani tsakani da Allah. Ta ce hanyar cikin kwazazzabo ta ƙaramar hukuma ce, amma bakinta na ƙasa ya haɗe da titin gunduma, don haka sai an nemi su biyun. Bangon kwazazzabon kuma wuri ne da ake karewa, ba a sa masa injin haƙa sai lardi ya yarda. Kowane ofis zai bukaci takarda da taswira, ta zamani, kwafi uku-uku. Kuma duk mai unguwa ne zai sa hannu, shi zai kai, shi zai koma ya ji amsa.

"Zai ɗauki kamar yaushe?"

"In an yi sa'a, shekara."

Pani Wiesława ta gyaɗa kai, ta wuce gida.

Ƙarfe huɗu zaure ya cika maƙil, abin da ba a taɓa gani ba a zaɓen mai unguwa. Malamin zaɓe daga ƙaramar hukuma ya iso da laka har gwiwa, don ta kan dutsen ya hauro. Ya nemi 'yan takara su tashi. Pani Wiesława ta miƙe.

"Jama'a, shekara goma sha biyu na yi, gwiwoyina sun gaji. Na janye. Ina goyon bayan Pan Lucjan. Kun ji da kunnenku, gari irin wannan sai mai hangen nesa."

Aka yi tafi har da buga ƙafa. Lucjan ya zabura.

"A'a, a'a, ku dakata! Ni ma na yi tunani, ya kamata a ba matasa dama. Ga Irek nan, shekararsa hamsin da biyar kacal."

"Yaya Lucjan, ni da aji takwas ma da ƙyar na gama?"

Ya waiga yana neman wani. Sai hannun Bogusia ya sauka a kafaɗarsa. Maganarta ta farko ke nan tun rana.

"Maigida, shekara goma sha biyu ka hana ni sakat da maganar jan allo. Kabejina ɗari da saba'in sun tafi saboda shi. Yau kuwa sai ka same shi."

Aka raba takardu, kowa ya je bayan labule ya dawo ya jefa a akwati. Gaskiya a lokacin ya ba ni tausayi. Yana zaune a kujerar gaba, wandonsa duk laka, maɓallin nan ɗaya ma ya tsinke, yana kallon mutanen da ba su taɓa zaɓensa ba suna wucewa suna dafa shi suna cewa Allah ya taya riƙo.

Malamin zaɓe ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya miƙe.

"Mutum sittin da uku suka jefa. Waɗanda suka amince, sittin da biyu. Wanda bai amince ba, ɗaya."

Kawuna sittin da biyu suka juya wuri ɗaya.

"Ƙuri'a sirri ce," in ji Lucjan, yana kallon silin.

Pani Wiesława ta buɗe jakarta. Ashe tun da ta koma gida ta kwance allon. Ta ɗora masa a cinya, ta ɗora kusoshinsa huɗu a kai, ta haɗa masa da wani ƙaton fayil da babu komai a ciki tukuna.

"Motar madara ƙarfe shida take zuwa, mai unguwa. Direban ba ya son jira."

Karo na farko ke nan da wani ya kira shi da sunan, kuma bai amsa ba.